Abin da Na Cire daga Shafi na Sha Ɗaya

Zuwa gare ki, ya ke mai jan biro, inuwar rumman da tsakar rana, sanyin da ke kwance a ƙasan rijiya, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, hadarin da ya haɗo mini ya kuma ƙi zuba. Gaisuwa daga gindin injin fotokwafi, daga bakin wanda kika daina yi wa magana yau kwana tara.

Kwana tara! Duk wanda ya ɗaga labulen shagon nan sai na waiga, har wuyana ya sage, in ga ɗalibi ne da takardunsa yana tambaya ko akwai wuta. Waya kin rufe mini. Saƙo na tura har babban yatsana ya yi kanta. Ƙawarki mai tabarau na tare ta a bakin titi, ta dube ni kamar ta ga ƙuda a madara, ta wuce abinta. Shi ya sa na komo ga takarda, ita kaɗai ce ba ta taɓa juya mini baya ba, na ba Yaya ta kawo miki, tunda ita ke share barandar ɗakunan kwananku, kuma ba mai gadin da ke tambayar mai tsintsiya kati. Ita ma sai da ta wanke ni tas kafin ta karɓa. Ta ce, ɗan'uwana, kai tun kana goye bakinka ke hawa keke, hankalinka na biye da shi a ƙafa. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga. In ma kin yaga, kin san sana'ata, na yi kwafi biyu.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon nan? Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, an ɗauke wuta, kin rungume wani littafi a ƙirji kina kare shi kamar jariri, ke kuwa kin jiƙe sharkaf. Maigida ya fita neman man janareta. Kika kama ni na duƙa a kan kwalin da ke ƙarƙashin tebur, inda nake tara shafukan da inji ya lalata, ina karanta rabin darasi a kan biranen Farisa, ɗaya rabin tawada ta cinye shi. Kika tambaye ni ajin da nake. Na ce miki ajin kwali. Kika yi dariya har kika manta da sanyi, ni kuwa tun ranar na manta da hanyar komawa hayyacina.

A nan kika ba ni labari. Kika ce babban fanninki haɗa magunguna ne, amma kin ɗauki ƙaramin fanni a gefe, nazarin al'adun Larabawa da Farisawa, 'yan kwasa-kwasai da za a rubuta a ƙasan takardar shaidarki da ƙananan haruffa. Kika ce Abbanki ya tambaye ki wane asibiti ne ke neman mai sanin yadda mutanen hamada ke gina kasuwa, kika yi mako biyu kina lallami kafin ya sa hannu, da sharaɗin kada ya ji ko tari daga wannan wajen. Ni kuma na faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: duk takardar darasin ƙaramin fannin nan ta bi ta hannuna shekara uku, na karanta ta a tsaye, inji na gasa mini ciki, tun kafin ta kai ga masu kujera. Kika ce ashe ni ne ɗalibin da ya fi kowa zuwa aji, ga shi ban taɓa tsallake ƙofar jami'a ba. Kafin ruwan ya ɗauke kin rubuta mini kalmar ruwa da Farisanci a bayan hannuna da jan bironki, harafi biyu kacal. Na yini ina ɗaukar takardu da hannu ɗaya don kada ta goge. Wace irin mace ce ke ba mutum kalma ɗaya ta ƙwace masa duk sauran?

To, bari in zo kan laifina, don na san shi kike jira, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Kin san yadda muke aiki a nan. Ɗalibi ya kawo rubutun hannu kamar tafiyar kaza, a buga masa a kwamfuta, a ɗinke, ya ɗauka ya ruga. Waƙafi ya ɓata in mayar. Jimla ta karye in ɗora ta. Ba wanda ya taɓa cewa don me, har layi suke yi a teburina su bar na abokin aikina a bushe, suna cewa a kai wa mai gyara. Hannu kuwa in ya saba ba ya neman izini. Yau ka ɗora jimla, gobe ka sauya kalma, jibi ka wayi gari kana ganin duk rubutun duniya majinyaci ne, kai ne likita. Da kika kawo mini maƙalarki ta ƙarshen zango, shafi goma sha biyar a kan lambu da ruwa a ƙasashen Larabawa da Farisawa, kika ajiye ba ki ko zauna ba, kika ce kin san hannuna. Ya ke sanyin idona, ashe ba ki san shi ba. Ni ma ban san shi ba.

Na fara bugawa ina murmushi, na kai tsakiya jinina na tafasa. Ba da ke nake ba, da littattafan da aka ba ku nake. Sarki ya kishingiɗa a lambu. Mawaƙi ya ga wardi ya yi kuka. An raba lambu gida huɗu, ruwa na gudu a tsakani, tsuntsu na waƙa, kowa na shaƙar ƙamshi. To, wa ya kawo ruwan? Daga sama ya faɗo a ƙasar da hadari ke rowa? Akwai wani littafi a kwalina, ba bango ba sunan marubuci, wani ɗalibi ya bar shi shekara biyu da suka wuce bai dawo ba. A ciki na karanta yadda mutane ke haƙa rijiyoyi a jere tun daga gindin dutse, su haɗa ƙarƙashinsu da rami guda mai gangara a hankali, ruwa ya yi doguwar tafiya a cikin duhu kafin ya ɓullo a ƙafar sarki. Masu haƙar nan da fitila suke shiga, in harshen wutar ya raunana sun san iskar ramin ta lalace. Na karanta wannan tsikar jikina ta tashi, domin haka Baba yake yi. Baba mai haƙar rijiya ne, kin sani. Ina ɗan shekara goma nake riƙe masa igiya, in zura fitila in ga ko za ta mutu kafin in bar shi ya sauka. Ƙirjinsa a rami ya ƙare, karatuna kuma a ƙirjinsa ya ƙare. Mutanen da suke shan ruwan rijiyoyinsa har yau, ko ɗaya bai san sunansa ba.

Sai na rubuta sakin layi guda a kan masu haƙa. Na rantse miki hannuna ne ya riga ni. Amma Dakta, malamin naku, ya kafa doka kada maƙala ta wuce shafi goma sha biyar ko da layi ɗaya, don haka in nawa zai shiga dole wani ya fita. Na duba shafi na sha ɗaya na ga wani sakin layi da kika yi a kan kakarki da bishiyarta. Na ce a raina wannan hira ce ta gida, Dakta zai ja masa layi. Na cire shi, na sa nawa, na ɗinke, na shafa bangon da tafin hannu kamar wanda ya yi abin kirki. Na so in faɗa miki da kika zo karɓa, amma saura minti ashirin a rufe karɓar aiki, kika fizga kika ruga, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa in bari sai sakamako ya fito, in ba ki mamaki.

Na kuwa ba ki.

Sauran labarin a bakin 'yan ajinku na ji shi, suna tsaye a kaina suna jiran takardunsu, ba su san da mai laifin suke hira ba. Wai Dakta ya shigo da maƙalarki a hannu, ya buɗe shafi na sha ɗaya, ya karanta wa aji da ƙarfi, ya ce shekara da shekaru bai ga ɗalibin da ya tambayi inda ruwan ya fito ba. Wai ya ce ki tashi ki faɗi littafin da kika samo wannan. Wai ya kai ga jimlar da na ce duk wanda ya taɓa riƙe igiya a bakin rijiya ya san nauyin rai, ya cire tabarau ya tambaye ki yaushe kika riƙe igiya, aji ya fashe da dariya. Ke kuwa, da yake ba a haife ki da ƙarya a baki ba, kika ce ba ke kika rubuta ba. Shi ke nan. Kowa ya san akwai shagunan da ke sayar wa ɗalibai aiki gamamme, sai aka jefa ki a cikin masu saye, aka kai sunanki kwamitin ladabtarwa, aka sa ranar Alhamis ƙarfe goma. In suka kama ki da laifi za a soke ƙaramin fannin gaba ɗaya, a ɗiga baƙin tabo a fayil ɗinki, Abbanki kuma ya ji tarin da ya ce kada ya ji.

Zan faɗa miki abin kunya, tunda yau ranar tonon silili ce. Da na ji Dakta ya yabi sakin layin, sai da zuciyata ta yi tsalle kafin ta faɗi. Na ji daɗi, ya ke hasken ɗakina, na ji daɗi na ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido, ke kina can kina nutsewa. Kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Mutum ya yi shekaru yana koyarwa da riga mai guga, abin da ya burge shi a duk zangon ya fito daga hannun wanda mai gadinsu ke kora kamar akuya ta shiga gona! Ina adalci a nan? Su ke da kujera, su ke da ɗakin karatu mai fanka, ni ke da kwali, amma da tambayata ta shiga ajinsu sai da ta sa rigar wata. Kin ga halina ko? Na zo roƙon gafara na ɓige da faɗa. Yaya ta yi gaskiya.

Da kika zo shago ran nan na shirya wa zagi. Na shirya wa kuka, na shirya wa mari ma. Ba ki yi ko ɗaya ba. Kika ɗora maƙalar a kan inji, kika buɗe shafi na sha ɗaya, kika sa yatsa, kika tambaye ni a hankali: ina kakata? Ni kuma, ɗan baƙin baki, maimakon in durƙusa, sai na ce miki sakin layinki ya yi laushi, nawa ya fi ƙashi. Na ga abin da ya faru a idonki. Na taɓa ganin rijiya ta rufta, ba ta yin ƙara sosai, ƙasa ce ke zubowa shiru har hasken ya ɓace. Kika ɗauki jakarki kika fita, labulen ya daɗe yana motsi a bayanki.

Bayan kwana uku na ciro rubutun hannunki daga kwali, don ba na zubar da takarda, balle taki. Na karanta sakin layin nan a zaune, ba a tsaye ba, ba ina bugawa ba. Kin ce tsakar gidan kakarki bai fi taku huɗu ba, rumman ɗaya ne a ciki. Kin ce famfonsu yakan yi mako bai zubo ba, sai ta tara ruwan alwalarta a kwano, ta tafi da shi a hankali da hannu biyu tana kallon bakin kwanon, ta juye a gindin bishiyar. Kin ce a wurinta kika gane dalilin da ya sa mutanen busasshiyar ƙasa ke kewaye lambu da katanga: ɗan koren da aka samu da wahala dole a tsare shi kamar maraya. Na karanta sau ɗaya, na sake, sai na ji kamar an kwaɗa mini guga a ka. Ai ga mai kawo ruwan nan! Ga ta nan da kwanonta, kin riga kin rubuta ta, kin ba ta fuska da hannu da tafiya. Ni da nake ta kumfar baki cewa ba a ambaton mai kawo ruwa, ni ne na ɗauke ta daga shafi na jefa a kwali, don in sami wurin yin ihu. Abin da littattafai suka yi wa Baba, shi na yi wa kakarki, da hannuna, a kan teburin da kika ce kin yarda da shi. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba nawa idon ba.

Ban zauna ba tun ranar. Sau uku ina zuwa ƙofar jami'a. Mai gadin nan da ɗalibai ke kira Ina-kati ya tare ni da sanda, na ce masa shaida na zo bayarwa, ya ce ina kati. Na ce rayuwar mutum ce a kan siraɗi, ya ce ina kati. Na ce masa ko mala'ikan mutuwa ne ya zo haka za ka tambaye shi, ya ce shi ma sai ya rubuta suna a littafin baƙi, ɗalibi ko ma'aikaci ya sa masa hannu. Na rubuta wa shugaban sashenku takarda, Yaya ta kai, sakatariyarsa ta dawo da ita ba a ko buɗe ba, wai kwamiti ba ya sauraren na waje sai in ɗalibar da kanta ta kawo shi a matsayin shaidarta. Kin ji inda aka ƙulle ni. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Gaskiyar da za ta wanke ki tana bakina, bakina yana wannan gefen titi, mabuɗin ƙofar kuma yana hannun wadda ba ta son ganin fuskata.

Maigida ya ji ƙishin-ƙishin. Ya kira ni bayan shago ya ce, yaro, a bar kaza cikin gashinta, in ka buɗe baki a gaban mutanen nan za a ce shagona ne ke taɓa aikin ɗalibai, ba wanda zai sake kawo mana ko katin gayyata. Ya ce ranar da na tsallaka titin nan in ajiye masa mabuɗinsa. Na ce masa ranar Alhamis da safe zai same shi a kan inji, kuma zan faɗa musu ba shi da hannu, ni kaɗai ne. Ban faɗa miki wannan don ki tausaya mini ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kwalina kawai nake jin zan yi kewa, shi ma na ɗaure shi da igiya, zai bi ni.

Ga roƙona, ya ke furen da ya tsiro a bayan katanga, ya ke ruwan da ya yi doguwar tafiya kafin ya same ni. Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna, yafiya bishiya ce mai jinkirin 'ya'ya. Cewa na yi ki fito ƙofa ranar Alhamis, ki ɗauki biron Ina-kati, ki sa hannu a gaban sunana. Ko kallona kada ki yi. Ki yi gaba in bi ki a baya da taku goma kamar wanda aka kamo. Zan zo da rubutun hannunki duka shafi goma sha biyar, da littafin nan marar bango, in tsaya a gaban Dakta da mutanensa in ce: wannan nata ne, wannan nawa ne, ba ta saya ba, ba ta roƙa ba, ba ta ma sani ba. In sun tambaye ni yaushe na riƙe igiya, ina da amsa. Na kuma yi wa Yaya alkawari ba zan yi musu wa'azi a kan masu haƙa ba, ko da harshena zai tsage. Ashe za ki bar fushinki da ni ya cinye abin da kika yi mako biyu kina roƙon Abbanki a kansa? Za ki bar su su soke shekara biyu na karatunki don kawai kada inuwata ta taɓa taki? Ki hukunta ni yadda kika ga dama, amma kada ki biya tarar laifina da jikinki.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga maƙalarki, na sake bugawa na ɗinke. Kakarki ta koma shafi na sha ɗaya da kwanonta. Ban taɓa ko ɗigo ba. Akwai waƙafi biyu da kika sa inda bai kamata ba, da wata jimla a shafi na shida da ke ɗingishi, na gan su, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na zauna a kansa har ya mutu. Suna nan yadda kika bar su. Wasiƙar nan kuwa taki ce, ki ɗauki jan bironki ki soke duk sakin layin da bai yi miki ba, ki sa naki a wurin, ba zan ce uffan ba.

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas zan tsaya a gindin fitilar titin da ke kallon ƙofarku, da farar rigata guda ɗaya da kwalina a ƙafa. In kin fito, Allah ya saka miki. In ba ki fito ba, zan tsaya har a tashi daga zaman, in dawo washegari, in sake dawowa, har Ina-kati ya gaji ya yi ritaya. Son da nake yi miki ba ya cikin abin da kwamiti zai zauna a kai. Yana nan yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ko kin sha ko ba ki sha ba, kuma ba zai sauya hanya zuwa lambun wata ba har ranar da za a zura fitila a ƙirjina a ga ta mutu.

Naki, yau da gobe da ranar Alhamis,
Mai inji, wanda ya daina gyara.